Horon Malamai Kan Koyar da Kimiyya a Aikace: Wanne Za a Zaɓa Cikin Hanyoyi Biyar?

Malamin da ya gaji da karanta wa yara yadda iri ke tsirowa, yana so su shuka da hannunsu su gani da idonsu, ba ya rasa masu tayin horar da shi. Ga bita ta kwana biyu, ga kwas ta intanet da aka ce kyauta ce, ga shirin da ke ɗaukar shekara ana bibiyar mutum, ga kuma masu fita da malamai daji da bakin rafi. Shugaban makaranta ma yana cikin wannan tsaka mai wuya. Kuɗin da aka ware ba zai isa a yi duka ba, kuma duk ranar da malami ya tafi horo akwai ajin da zai wuni babu kowa a gaban allo.

Ni dai abin da nake auna kowane horo da shi shi ne abin da ya rage a hannun malami wata uku bayan an watse. Jin daɗin ranar rufewa da takardar shaida ba su da wuyar samu. Abin da ke da wuya shi ne a leƙa aji a tsakiyar zango a tarar yara na aunawa, suna gardama a kan abin da suka gani, malami kuma ya san inda zai kai su.

Abubuwan da za a duba kafin a biya ko a ba da lokaci

Na farko, shin hannun malamin zai taɓa kayan? Akwai horo da yawa da ake koyar da "aiki da hannu" ta hanyar lacca da hotuna a bango. A miƙa wa babban mutum batir ɗaya, waya ɗaya da ƙwan tocila ɗaya, a ce ya kunna ƙwan. Da yawa cikin masu manyan takardu sai sun yi ta juya kayan kafin su gane cewa wayar da batirin dole su taɓa wurare biyu daban a jikin ƙwan. Wanda bai taɓa shan wannan 'yar wahala ba, ba zai gane inda yaro ya maƙale ba.

Na biyu ya fi na farkon nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa: shin horon yana haɗa hannu da tunani? Gani ya kori ji, haka ne, amma gani kaɗai ba ya korar gurguwar fahimta. Jan Baptist van Helmont, masanin ƙarni na 17, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da 'yan kai a tukunya, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya kai kusan kilo 77, turɓayar tukunyar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Ya yi awo mai kyau, sai ya yanke hukuncin cewa daga ruwa kaɗai itacen ya samu jikinsa. Bai san cewa kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da ganye ya zuƙo daga iska ba. In ƙwararre irin wannan zai yi gwaji daidai ya fahimce shi rabi, ina ga yaro ɗan shekara goma da aka bar shi shi kaɗai da kwalba da wake?

Binciken PISA na 2015, gwajin da ake kwatanta ɗaliban ƙasashen duniya da shi, wanda ya shafi 'yan shekara 15 a ƙasashe da yankuna 72, ya nuna wani abu da ya kamata masu son koyarwa a aikace su saurara. Ɗaliban da suka ce ana yawan barinsu su yi bincike da gwaji da kansu sun fi sha'awar kimiyya, amma a mafi yawan ƙasashe makinsu bai kai na waɗanda malami ke yawan yi musu bayani ba. Wannan bai tabbatar da cewa gwajin ne ya rage makin ba. Abin da yake nunawa, tare da wasu nazarce-nazarcen da suka zo kafinsa, shi ne gwaji yana buƙatar jagora: tambaya kafin a fara, hasashe, awo, sannan bayani a ƙarshe. Horon da bai koya wa malami wannan jagorancin ba ya ba shi wasa ne kawai.

Ga hanya mai sauƙi ta gwada mai horarwa. A kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kunna, a kife kwalba a kai. Wutar za ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. In ya ce ai iskar oksijin ce ta ƙare ruwa ya maye gurbinta, to ya maimaita kuskuren da ke cikin littattafai da yawa. Babban dalilin shi ne zafi: wuta ta ɗumama iskar ta buɗe, wani sashe ya fice, da wutar ta mutu iskar ta huce ta tsuke, tururin da ke ciki ya koma ruwa, sai ruwan farantin ya shiga. Shi ya sa mafi yawan hawan ke faruwa bayan mutuwar wutar, kuma in aka sa kyandir uku ruwan ya fi hawa. Mai horarwa na ƙwarai zai sa malamai su gwada kyandir ɗaya da uku su gano hakan da kansu.

Sauran ma'aunan sanannu ne. Kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba: akwai tafiya, masauki, darussan da aka rasa, da kayan da za a riƙa saya bayan an dawo. Ɗorewa, wato tsawon lokacin da canjin zai zauna a aji. Sauƙin shiga. Sai haɗari, wanda kashi biyu ne: a yi asarar kuɗi da lokaci, ko a ji wa yaro ciwo. Kashi na biyun ba abin wasa ba ne. A 2014 hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman bayan gobara uku cikin 'yan makonni, inda aka zuba sinadarin metanol daga babbar kwalba kusa da wuta a gaban yara. Duk horon da bai ware lokaci ga kiyaye lafiya ba, a ajiye shi gefe.

Bita ta kwana ɗaya zuwa uku

Ita ce aka fi samu, ita ce kuma ta fi sauƙin shiga. Shirye-shiryen ilimin muhalli na Amurka irin su Project Learning Tree, wanda ya fara a 1976, da Project WILD na 1983, sun yaɗu ne ta wannan hanya: malami ya zo bitar 'yan sa'o'i, ya yi wasu ayyukan da kansa, ya tafi da kundin darussa. Kuɗinta kaɗan ne, ba ta cin lokacin aji sosai, kuma in mai horarwar gwani ne tana cire wa malami tsoron taɓa kaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga malamin firamare da ke koyar da kowane darasi, wanda shi kansa bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba.

Rauninta ɗorewa. A 2007 wata tawagar masu bincike a Amurka ƙarƙashin Kwang Suk Yoon ta duba nazari sama da 1,300 a kan horon malamai, tara kacal ta samu sun cika sharuɗɗan inganci. A cikin taran, waɗanda horonsu ya tsaya tsakanin awa 5 zuwa 14 ba a ga sun canza sakamakon ɗalibai ba. Horon da ya kai matsakaicin awa 49 kuwa ya ɗaga ɗalibi na tsakiya da kusan mataki 21 a sahun mutum 100. Nazari tara ba su da yawa, kuma duk a firamare aka yi su, amma sun yi daidai da abin da duk mai zaga makarantu yake gani: an dawo da zumuɗi, an yi gwaji ɗaya ko biyu, sai kayan suka ƙi aiki ko ajin ya kaure da hayaniya, babu wanda za a tambaya, aka koma kwafar rubutu daga allo.

Abin ya fi muni in bitar ta bi ta hannuwa da yawa, wato a horar da 'yan kaɗan su je su horar da wasu, waɗancan su ma su horar da wasu. A kowane mataki ana zubar da ɓangaren aiki, domin shi ne mai buƙatar kaya da lokaci, sai lacca ta rage. Kafin a yi rajista a tambaya: wannan mai horarwar, yaushe rabonsa da tsayawa a gaban yara?

Dogon shiri mai bibiya

A nan horon yana rarrabuwa cikin zango biyu ko uku, ko fiye. A haɗu, a koyi abu, a koma aji a gwada, wani ya zo ya zauna a bayan aji ya kalla, a sake haɗuwa a tattauna abin da ya faru. Shirin La main à la pâte na Faransa, wanda Georges Charpak, mai lambar Nobel ta 1992, ya assasa tare da Pierre Léna da Yves Quéré a tsakiyar shekarun 1990, ya ginu ne a kan raka malamin firamare na tsawon lokaci, wani lokaci har da ɗalibin jami'a ko masanin kimiyya da ke shiga aji tare da shi. Yara suna da littafin gwaji inda suke rubuta hasashensu da abin da suka gani da kalmominsu. A Kenya shirin SMASSE ya fara a 1998 da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya mai da hankali kan darasin da ɗalibi ke aiki a cikinsa da kuma ƙirƙirar kayan gwaji daga abin da ke kusa, daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Ta fuskar ɗorewa babu kamar dogon shiri mai bibiya. Wani nazari na 2018 da Matthew Kraft da abokan aikinsa suka yi, wanda ya tattara bincike 60 a kan bibiyar malamai ɗaya bayan ɗaya, ya samu canji babba a yadda ake koyarwa da kuma ƙari a sakamakon ɗalibai. Yawancin binciken a Amurka aka yi shi, kuma a darasin karatu, amma akwai darasi guda da ya shafi kowa: da shirin ya faɗaɗa ya ɗauki malamai masu yawa, sai tasirin ya ragu. Masu bibiya nagari ba su da yawa.

Shi ne mafi tsada, kuma malami ɗaya ba kasafai yake iya shiga da kansa ba, sai makaranta ko hukumar ilimi ta tsaya masa. Haɗarinsa biyu. In mai bibiyar shi ne kuma mai rubuta rahoton ƙarin girma, malami zai ɓoye matsalarsa ya shirya darasin nuna wa baƙo. In kuma shirin ya dogara kacokan da kuɗin mai tallafi, ranar da tallafin ya tsaya ziyara ta tsaya. Sai a nemi sanin wa zai ci gaba da bibiyar a shekara ta biyu, tun kafin a sa hannu.

Kwas ta intanet

Arha ce, wani lokaci ma kyauta, kuma malami yana yi a lokacin da ya samu sarari. Akwai abubuwa masu kyau ƙwarai. Shirin TESSA, wanda jami'ar Open University ta Birtaniya ta jagoranta daga 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, yana da darussan kimiyya da aka rubuta domin aji mai cunkoso da ƙarancin kaya, cikin Ingilishi, Faransanci, Larabci da Swahili. PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a jami'ar Colorado a 2002, yana da gwaje-gwajen kwamfuta sama da 150 da ake iya saukewa a yi amfani da su ba tare da intanet ba. Kada a raina su. Wani bincike na 2005 a wannan jami'ar ya nuna ɗaliban da suka koyi haɗa lantarki a kwamfuta sun fi waɗanda suka yi da kayan gaske fahimta, domin a kwamfutar ana nuna musu tafiyar wutar a cikin waya, abin da ido ba ya gani.

To amma a kwamfuta waya ba ta tsatsa, batir ba ya mutuwa, yaro ba ya zubar da ruwa a kan littafin ɗan'uwansa. Rabin gwanintar malamin kimiyya ita ce sanin abin yi in gwaji ya ƙi, kuma wannan ba a koyonsa ta kallo. Ga kuma matsalar kammalawa: a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista a kwasa-kwasan Harvard da MIT a dandalin edX suka kai ƙarshe. Da yawa leƙawa kawai suka yi, amma adadin ya isa ya nuna yadda karatun kaɗaici ke da wuyar riƙewa.

A ganina intanet ta fi amfani wajen cike giɓin ilimin malamin kansa. Wanda bai tabbatar da dalilin sauyin siffar wata ba, ko bambancin narkewar gishiri a ruwa da narkewar ƙanƙara, ya fi masa sauƙi ya gyara wannan shi kaɗai da dare fiye da ya tambaya a gaban abokan aiki. In za a yi ta, a yi mutum biyu ko uku tare, kuma kowane mako a gwada abu ɗaya da kayan gaske.

Horo a fili

Wannan shi ne na masu son fita da yara waje, kuma iri biyu ne da ake yawan cakuɗawa.

Iri na farko shi ne makarantar daji, wato a riƙa fita da yara cikin itatuwa a kai a kai su koya a can, wadda ta samo asali a ƙasashen arewacin Turai. Ta shiga Birtaniya bayan ma'aikatan kwalejin Bridgwater sun ziyarci Denmark a 1993. Takardar jagora a Birtaniya, mataki na 3, tana ɗaukar aikin kimanin awa 180, har da jagorantar zama shida da yara, ana kuma buƙatar horon agajin farko. Ana koyon kunna wuta da kashe ta, amfani da wuƙa da zarto tare da yara, da auna haɗari da amfani kafin kowace fita. Horo ne mai zurfi kuma yana zama a jiki. Sai dai manufarsa tarbiyyar yaro ce gaba ɗaya, ƙarfin hali da dogaro da kai, ba kammala manhajar kimiyya ba. Wanda ya biya yana tsammanin zai dawo da darussan da za su fito a jarrabawa zai ga ba abin da ya nema ke nan ba. Yana da tsada, kuma yana buƙatar fili da ƙarin manya masu sa ido.

Iri na biyu shi ne horon awo da tattara bayanai, kuma fitaccen misalinsa shirin GLOBE, wanda ya fara aiki a 1995 da goyon bayan hukumar NASA da wasu hukumomin kimiyya na Amurka, ya kuma shiga ƙasashe sama da 120. Ana koya wa malami ƙa'idojin auna ruwan sama, zafin iska, gajimare, tsabtar ruwa, turɓaya da tsayin bishiyoyi, yara su auna, a tura sakamakon rumbun da masana ke amfani da shi. Abin da nake so game da wannan shi ne yaro yana gane dalilin tsanani a awo. In an ce a karanta ma'aunin ruwan sama a lokaci ɗaya kullum, ido daidai da saman ruwan, ya san akwai wani a wata ƙasa da zai kwatanta nasa da wannan. Kallon gajimare ba ya buƙatar sayen komai. Wasu awon kuwa suna buƙatar kaya masu takamaiman inganci, kuma aikin yana son naci. Makarantu da yawa sukan fara da ƙarfi, sai malamin da ke riƙe da aikin ya samu canjin wuri, awon ya tsaya. Maganinsa a horar da mutum biyu daga kowace makaranta.

Haɗarin jiki ya fi yawa a fili: ruwa mai zurfi, maciji, harbin ƙwari, zafin rana, yaron da ya ɓace daga ayari. Horo mai kyau yana sa malami ya taka wurin kafin ranar fita, ya nemi izinin iyaye, ya ƙirga yara a tashi da dawowa, ya san wanda ke da cutar da ke tashi ba zato. Kuma ba lallai sai an je daji ba. Bishiya ɗaya a harabar makaranta da ake bibiya shekara guda, da sanda da aka kafa ana auna inuwarta da tsakar rana kowane mako, sun ishi zango uku.

Nazarin darasi tsakanin malaman makaranta ɗaya

Wannan ba a cika sa shi cikin jerin horo ba, domin babu mai sayar da shi. Tsari ne da malaman Japan ke bi tun ƙarshen ƙarni na 19. Malamai uku zuwa shida su zaɓi batun da ke ba yara wuya, su yi nazarinsa, su tsara darasi ɗaya tare, har su yi hasashen amsoshin da yara za su bayar. Ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon yaran, ba malamin ba, suna rubuta abin da yara suka faɗa da abin da suka yi da kayan. Daga nan a zauna a tattauna, a gyara. Zambiya ta ɗauki tsarin a darussan kimiyya daga 2005, ta faɗaɗa shi a hankali.

Kusan ba ya cin kuɗi. Abin da yake ci lokaci ne a jadawali, da amana tsakanin abokan aiki. Yana ɗorewa domin ba ya jiran kowa daga waje, kuma da kayan makarantar da yaran makarantar ake yinsa, saboda haka babu zancen "a wurin bita ya yi, a nan ya ƙi". Yana da wuyar farawa inda malamai suka saba ɗaukar shigar wani ajinsu a matsayin bincike.

Babban haɗarinsa shi ne in duk malaman suna da kuskuren fahimta iri ɗaya, za su tsara darasi mai kyau su koyar da kuskuren da kyau. Bayanin kyandir da kwalba na iya wucewa ta hannun mutum biyar ba wanda ya tsayar da shi. Shi ya sa a Japan ake gayyato masani daga waje ya yi jawabin ƙarshe a zaman tattaunawa. In babu masani a kusa, malamin sakandare mai ƙwarewa a fannin zai iya tsayawa a wannan matsayi.

In horon ya zo da akwatin kaya

Kowace daga cikin hanyoyin nan tana iya zuwa da akwati, kuma akwati yana jan ido. Akwai masu kyau. Ƙananan kayan gwajin sinadarai da cibiyar RADMASTE ta jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu ta ƙirƙira a shekarun 1990, waɗanda UNESCO ta taimaka wajen yaɗawa, suna aiki da ɗigo-ɗigon sinadari, abin da ke rage kuɗi da haɗari tare. Foldscope, madubin ganin ƙananan halittu da ake naɗewa daga takarda, wanda aka ƙirƙira a jami'ar Stanford, yana ƙara girman abu sau 140.

Tambayoyin da za a yi su ne: me ke ƙarewa a cikin akwatin, a ina za a samu madadinsa, kuma akwati nawa ne ga yara nawa? Akwati ɗaya ga aji guda nuni ne kawai, malami na yi yara na kallo. Kuma sananne ne cewa kaya masu tsada sukan ƙare a kulle a ofis don tsoron kada su lalace. In akwai ma'aunin zafi mai zaiba a ciki, a nemi a canza shi.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gajeriyar bita | Kaɗan zuwa matsakaici | Gajere, in babu bibiya | Mai sauƙi | A manta cikin makonni |
| Dogon shiri mai bibiya | Mai yawa | Mafi tsawo | Sai da goyon bayan makaranta | Tallafi ya yanke, bibiya ta zama bincike |
| Kwas ta intanet | Kaɗan ko kyauta | Ya danganta da gwadawa a aji | Mai sauƙi in akwai intanet | A bari a hanya, hannu bai taɓa kaya ba |
| Horo a fili | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai tsawo ga wanda aka horar | Yana son fili da ƙarin manya | Rauni ga yara, aiki ya tsaya in malami ya tashi |
| Nazarin darasi | Kusan babu, sai lokaci | Mai tsawo | Wuyar farawa | A ƙarfafa kuskuren fahimta |

Wa ya dace da wanne

Malamin firamare da bai taɓa yin gwaji a aji ba, kuma yana jin tsoro, ya fara da gajeriyar bita, amma wadda za a yi da kwalabe, igiya, batir da iri, irin kayan da zai samu in ya koma. Ya tafi da abokin aiki ɗaya, su yi alkawarin gwaji ɗaya kowane mako biyu, kowa ya shiga ajin ɗan'uwansa.

Malamar da ta iya riƙe aji amma an ba ta fannin da ba nata ba, misali ta karanta ilimin halittu aka ce ta koyar da lantarki, intanet ce ta fi mata, tare da gwajin kwamfuta da batir na gaske a gefe.

Shugaban makaranta mai ɗan kuɗi kaɗan, shawarata kada ya raba shi a tura kowa bita. Ya tura mutum biyu bita mai inganci, ya ware awa biyu a jadawali kowane mako biyu domin nazarin darasi, ragowar kuɗin ya kasa biyu: kayan da ke ƙarewa, da ladan masanin da zai zo sau ɗaya a zango. Cikin duk haɗin da za a iya yi, wannan ne nake ganin ya fi mayar da riba.

Hukumar ilimi ko ƙungiya mai makarantu da yawa ta ɗauki dogon shiri mai bibiya, ta fara da makarantu kaɗan, ta raba aikin mai bibiya da na mai duba aiki, ta kuma tanadi kuɗin shekara ta biyu tun daga farko.

Mai kula da ƙananan yara da ke da fili da masu taimako, kuma burinsa yara su saba da waje, makarantar daji ce tasa. Malamin babbar firamare ko ƙaramar sakandare da ke son yara su iya awo, jadawali da zanen bayanai, ko mai jagorantar kulob ɗin muhalli, ya nemi horon awo irin na GLOBE, ya fara da gajimare da ruwan sama kafin ya sayi wani abu. Wanda kuma zai riƙa aiki da wuta ko sinadarai, kowace hanya ya bi, ya haɗa da horon kiyaye lafiya da agajin farko na ido da ido kafin ya kunna ashana a gaban yara.